Tiya 170 da suka ɓata a hannuna

 

Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, don ba labarin daɗi ba ne. Amma ga kaka ta matso, kuma na ji ƙungiyoyi da yawa suna shirin ɗaukar kuɗin akwati su sayi hatsi su aje. Kowace ƙungiya za ta zaɓi mace ɗaya ta ce mata, ke ce mai gaskiya, riƙe mana makulli. Saboda wannan matar nake rubutu.

Ƙauyenmu yana kusa da Galmi, cikin Malbaza. Mu 32 ne a ƙungiya. Tsarinmu irin na Mata Masu Dubara ne, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, har ya bazu ƙasashe da yawa. Kun dai san shi: akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makulli uku a hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana gidan ta huɗu. Kowane mako mu zauna a tabarma, a buɗe gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a rufe gaban kowa. Shekara da shekaru muna haka, ko dala ba ta taɓa ɓacewa ba.

Daminar 2021 ba ta yi kyau ba, kowa ya tuna. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama ƙosawa ba, mutane da yawa rumbunsu ko rabi bai kai ba. Muka zauna muka ce, bana bazara za ta yi zafi, gara mu yi bankin cimaka namu na kanmu. Muka fasa rabon ƙarshen shekara, muka tattara abin da ke akwati, muka ƙoƙarta muka sayi buhu 40 na hatsi. Maigari ya ara mana wani ɗakin laka mai rufin kwano, shi ne ya zama mangazarmu. Da aka zo zancen wadda za ta riƙe, aka ce ni, don na yi karatun manya, ina iya rubuta suna da lamba, kuma ba a taɓa jin na ci haƙƙin wani ba. Aka sayo kwaɗo ɗaya, aka ba ni makulli, na ɗaure shi a haɓar zanena. Ranar har wani daɗi na ji.

Bari in faɗa muku yadda na riƙe mangazar, ba tare da na ɓoye komai ba. Ranar da amalanke ya kawo kaya, na ƙirga buhu 40, shi ke nan. Ban buɗe ko ɗaya na auna ba. Muka jibge su a ƙasa, muka jingina da bango don wuri ya isa. Na rufe na tafi gida. Wani lokacin sai in yi wata guda ban leƙa ba, a ganina tunda kwaɗo yana nan, kaya suna nan.

Sannan sai buƙatu suka fara zuwa. An yi rasuwa a gidan ɗaya daga cikinmu, shugaba ta aiko a ba su tiya 15 a yi abincin baƙi, za a maida. Na ba da. Wata ta zo bayan isha'i, ƴaƴanta ba su ci komai ba tun safe, tiya uku kawai, ranar kasuwa za ta kawo. Wa zai iya hana ta? Na ba da. Wasu sun maido, wasu ba su maido ba, ni kuma duk a ka nake riƙe da lissafin, yadda muka saba a asusu.

A watan Yuni na 2022, hatsi ya yi tsada ƙwarai, muka buɗe mangaza muka fara sayar wa ƴan ƙungiya da maƙwabta cikin rahusa. Ni ke awo. Kuma ni ba ni iya miƙa wa mace tiya ƙwaf ba gyara, balle in na san halin da gidanta ke ciki. Cikin mako biyar hatsi ya ƙare.

Ranar lissafi muka zauna gidan shugaba. Kowa ya san buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, ke nan buhu 40 tiya 1,600. Ma'ajiya ta ƙirga kuɗin da na kawo, aka raba da farashin tiya. Kuɗin tiya 1,430 ne. Aka sake ƙirgawa, haka dai. Tiya 170 babu su, wato buhu huɗu da tiya goma.

Wuri ya yi tsit. Can shugaba ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, ƙaƙa anka yi haka?”

Na ce, “Wallahi Hajiya, ko ƙwaya ban kai gidana ba.”

Ta ce, “Ba mu ce kin ɗauka ba. Amma hatsi ba ya da ƙahwa. Ina ya tahi?”

Na fara lissafo na rasuwa, da na wance, da na wance. Ɗaya daga cikin waɗanda na ambata ta miƙe ta ce ita ta maido tun tuni. Wataƙila ma ta maido ɗin, ni ce na manta. Ba ni da takarda, ba ni da shaida. Daga baya can na ji wata murya tana cewa, “Mu dai kuɗɗinmu munka sani.”

Na sayar da awakina biyu da tunkiya ɗaya na cike kuɗin. Amma biyan da na yi, a wurin wasu, shi ne ya tabbatar da laifin. Ba wadda ta kira ni ɓarauniya a gabana. Sai dai in na iso bakin rijiya hira ta tsaya. Ɗiyata ta dawo daga niƙa tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata tuwon gidanmu da hatsin asusu ake yi. Maigida ya ce in maida musu makullinsu in huta. Ni ma na so in yi hakan. Abin da ya hana ni shi ne, in na aje a lokacin, har in mutu da wannan sunan za a san ni.

Bayan kaka sai aka aiko cewa wata ƙungiya mai taimaka wa manoma za ta yi horo na kwana biyar a Birnin Ƙonni, kan riƙon mangaza da lissafin kaya, kowace ƙungiya ta turo mace biyu. Shugaba ta ce ni da sakatariya za mu je. Wasu sun yi gunaguni. Ta ce, wadda wuta ta ƙona ita ta fi sanin zafinta, a bar ta ta je.

Mun haɗu da mata daga Tsarnawa da Bazaga, da Dogarawa, da wasu daga Badagishiri da Tajaye ta wajen Illela. Na zaci za a zaunar da mu ne a yi ta zuba mana Faransanci a allo. Sai ga mai horon, wata mace mai shekaru kamar nawa, ta sa an shigo da buhu uku na hatsi da tiya da sikeli. Ta ce kowa ta zo ta duba, ta taɓa, ta faɗi tiya nawa ke cikin kowane. Duk muka ce 40, ai a cike suke. Wata ma ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Aka zazzage aka auna gabanmu. Na farko 40, na biyu 38, na uku 37. Ta ce, ido ya san ƙima a kasuwa, amma ranar lissafi ba a karɓar shaidarsa. Gabana ya faɗi, don na tuna buhunan nan 40 da ban auna ba.

Ga abin da na ɗauko daga wannan horo, yadda na fahimce shi.

Aikin mangaza a bakin ƙofa yake farawa. Kaya ba ya shiga sai an auna shi gaban mai kawowa da mace biyu daga ƙungiya, a rubuta abin da aka samu, ko da ya saɓa da abin da mai kaya ya faɗa. A soka hannu a duba ko akwai ƙasa, ko ƙaiƙayi, ko ƙwari. A tabbata ya bushe. Ta nuna mana dabara mai sauƙi: a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi da ɗan gishiri busasshe, a rufe a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin da sauran laima, a maida shi rana. Hatsi mai laima asara biyu ne, yana rage nauyi in ya bushe, kuma yana yin fumfuna.

Buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango. A shimfiɗa katako ko itace a ɗora a kai, a bar hanya tsakanin kaya da bango yadda mutum zai iya zagayawa ya ga gara ko ramin kusu ko inda rufi ke yoyo. A jera su daidai, layi-layi, yadda za a iya ƙirgawa ba sai an sauke ba. Kafin sabon kaya ya shiga a share ɗakin tas, a toshe ramuka, a fitar da tsofaffin buhuna, don a cikinsu ƙwarin bara ke jiran na bana. Kada a haɗa cimaka da takin zamani ko maganin feshi ko fetur a ɗaki ɗaya. Kuma wanda ya riga shiga shi ke riga fita.

Sai takarda. Kowane irin kaya da tasa, ta hatsi daban, ta wake daban, ta dawa daban. Fish suke ce mata, amma kaye na ƴan makaranta ma ya isa, a ja layi biyar da bik: rana, abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage, da sa hannu. Ana rubutawa ne a lokacin, kafin buhu ya ƙetare ƙofa. Wadda ba ta iya sa hannu ba ta dangwala yatsa. Wata tsohuwa daga Tajaye da ajami take nata, mai horon ta ce ya yi daidai, muddin akwai wata a ƙungiyar da za ta iya karantawa. Ƙarshen kowane wata mata uku su shiga su ƙirga kayan da hannu, a gwada da abin da ke takarda. In buhu ya lalace, kada mai makulli ta zubar ita kaɗai. A kira kwamiti su gani, a auna, a rubuta asarar.

A rana ta uku, lokacin hutun azahar, na yi ƙarfin hali na ba mai horon labarina. Ba ta ce mini sannu ba, bik ta ɗauka. Ta ce in kowane buhu ya gaza da tiya biyu kawai, buhu 40 nawa ke nan? Na ce 80. Ta ce na ƙasa da ke jikin bango fa, yaya kika same su? Na tuna buhu biyu da gindinsu ya dunƙule ya yi baƙi, gara kuma ta ci wani, na kwashe na watsa wa kaji ban faɗa wa kowa ba don kunya. Muka ƙiyasta tiya 30. Rancen da na iya tunawa ba a maido ba, wajen 40. Ya zama 150. Ta ce gyara fa? In kin ƙara wa kowace tiya ɗan tafin hannu, sau fiye da dubu, ai 20 kaɗan ce.

Na dubi takardar, ga 170 a rubuce. Wata biyar ina kwana ina tashi da tambayar shugaba a raina, har na fara zargin ƴaƴana, har na fara tunanin ko wani ya yanka makulli. Ashe ba ɓarawo ko ɗaya. Na rufe fuska da mayafi na yi kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Gaskiyarki tana nan, ƴar uwa. Amma ke kaɗai kika san da ita. Kayen nan shi ke nuna wa sauran.”

Washegari wata mata daga wajen Illela ta ba mu labarin warantaji, tsarin da aka fara yaɗawa a Nijar tun 1999 ta hanyar wani shiri na FAO. Manoma su aje amfanin gonarsu a mangaza da kaka lokacin da yake araha, asusun ba da bashi ya ba su rance a kan kayan, su yi sana'a da kuɗin, in farashi ya tashi su biya su kwashi abinsu. Ta ce ƙofar mangazar kwaɗo biyu gare ta, makulli ɗaya wurin manoma, ɗaya wurin masu ba da rance, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Ta ce kuma masu rance ba sa ko sauraron ƙungiyar da ba ta da takardun kaya tsaf.

Ina jin haka sai akwatinmu ya faɗo mini a rai. Dalilin da ya sa dala ba ta taɓa ɓacewa ba a ciki, ba wai ma'ajiya ta fi ni tsoron Allah ba ne. Kwaɗo uku ne, da idon mata 32 kowane mako. Amma da muka maida kuɗin nan hatsi, dukiyarmu gaba ɗaya, sai muka sa mata kwaɗo ɗaya muka bar mace ɗaya da ita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na yi sakaci, ban musa ba, amma ƙungiya ma ta ɗora mini kayan da ba ta taɓa ɗora wa kowa ba.

An kuma taɓa zancen wake da albasa, tunda su ne kuɗinmu a wannan yanki. Wake, in ya bushe sosai, a sa shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki iska ke ƙare musu su mutu, ba sai an sa guba ba. Amma in leda ta huje ko ana yawan buɗewa, aikin ya ɓaci. Ta ja mana kunne sosai kan ƙwayar maganin da wasu ke jefawa cikin buhu su kuma kwana ɗaki ɗaya da shi, ta ce iskarta tana kisa. Albasarmu ta Galmi kuwa, wadda ake lodi har Gana da Kwaddibuwa, kowa ya san lokacin cira ba ta da daraja, sai ta yi watanni sannan kuɗinta ya hau. Amma a cikin rudu tana raguwa, wata ta ruɓe, wata ta tsira, duk kuma nauyi na sauka. Ƙungiyar da ta zuba buhu 20 ta zaci 20 za ta kwasa, ta shirya faɗa da kanta. Sai a riƙa shiga ana tsince ruɓaɓɓu gaban shaida, ana rubutawa.

Da muka dawo, na nemi a ba ni dama a zaman asusu. Na karanta musu lissafin nan na 170, har da na kaji, har da gyarar da na riƙa yi da hatsin da ba nawa ba. Na ce in har zan ci gaba, to da sharaɗi: kwaɗo biyu, makulli na biyu a hannun wata; awo ranar shiga; tiya ɗaya tak da za mu sa wa alama, ba gyara; ƙidaya kowane wata; rance kuma sai kwamiti ya yarda an rubuta. Sannan a ware tiya 40 tun farko don rasuwa da gobara da wanda ya kwana da yunwa, su ma da shafinsu a kaye. Aka yarda. Matar nan da ta ce kuɗɗinsu suka sani, ita na roƙa a ba makulli na biyu.

Jarrabawar ta zo ne a tsakiyar damina, daga inda ban zata ba. Ƙanwar mahaifin maigida, wadda ta riƙe shi tun yana yaro, ta sallamo mini da magariba.

“Ɗiyata, buɗe ki ban tiya biyar, ƴan noma gare ni gobe. In Allah ya kai mu kasuwa in maido.”

Na durƙusa na ce, “Inna, ki gafarce ni, makullina shi kaɗai ba ya buɗewa. Bari gari ya waye mu je wurin shugaba a rubuta.”

Ta ce, “Ni za a rubuta? Ni da na goya mijinki? Tun yaushe takarda ta shiga tsakanina da ke?”

Na rasa ta cewa. Na shiga ɗaki na auno mata tiya biyu daga ɗan abin da ya rage mana, na ce wannan nawa ne, ba rance ba ne. Ta karɓa ba ta ce uffan ba. Mako biyu ina gaishe ta tana amsawa da ka. Maigida ma ya ɗan ɗaure fuska. Da ƙanenta, wanda malami ne, ya ji zancen, shi ne ya tuna mata cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Daga baya ta zo da kanta ta karɓi tiya biyar, ta dangwala yatsa tana mita. Ta kuma maido ranar da ta ce.

A ƙarshen wannan shekarar, da aka yi lissafi, tiya 9 ce ta gaza, kuma duk tara ɗin suna rubuce: rufi ya yi yoyo a ruwan Agusta, mata uku sun gani sun sa hannu. Zaman bai kai rabin awa ba.

Kwana biyar na horo bai gyara komai da komai ba. Rufinmu har yanzu faci ne, katakon da muke ɗora kaya na aro ne, kuma kusu bai san an yi horo ba. Awakina ba su dawo ba. Ba wadda ta zo ta ce mini yi haƙuri da zaton da muka yi miki, ni ma na daina jira. Amma abokiyar makullina ta kawo mini ɗiyarta da ta bar makaranta a aji shida, ta ce in koya mata jan layin kaye. Yanzu ita ke rubutawa, ni ina awo.

Ƴan uwa, in za ku sayi hatsi bana, ku cire kuɗin kwaɗo na biyu da kaye da bik tun kafin ku biya buhun farko. In kun ji labarin horo irin wannan a Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ku tura mace biyu, kada ku tura ɗaya, kuma su dawo su koya wa kowa a tabarma. In babu horon kusa, ku tambayi malamin gona na karkararku, ko ku aiko wa ƙungiyar da ta riga ku a zo a nuna muku. Ke kuma da za a miƙa wa makulli ana yaba gaskiyarki, ki gode musu, sannan ki ce sai an auna.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare mana mutuncinmu da zumuncinmu. Amin.